Jan Biron Barira

Dare goma sha ɗaya na yi ina rubuta shi
a ɗakin bayan gidanmu a Kasala,
fanka na juyawa in wuta ta ga dama.
Shafi ashirin da biyu kan yadda ake yi wa kwamfuta magana,
domin yaran da ba su taɓa gaishe ta ba.
Na sa masa shuɗin bango. Na rubuta sunana da manyan baƙaƙe.

Barira ta karɓa da hannu ɗaya,
ɗayan na riƙe da tulun gahawa.
Tare muke koyarwa, ita ajin safe, ni na la'asar.
Ta ce in ba ta kwana biyu.
Ta yi huɗu.

Da ya dawo, sai ka ce an yanka zakara a kansa.

"Tanimu," ta ce, "na ƙirga kalmar kawai.
Sau goma sha tara.
Kawai ka buɗe, kawai ka rubuta, kawai ka danna.
Wanda ya danna bai ga komai ba fa?
Ka riga ka ce masa abin ba wuya,
ka ga ke nan shi ne daƙiƙin."

Na leƙa dutsen Taka ta taga.
Bai sa baki ba.

"Shafi na uku ka ce ma'aji kamar akwati ne.
Akwatin wa?
Ga finjali a gabanka. Raɗa masa suna,
zuba gahawa, shanye, zuba shayi.
Sunan na nan, na ciki ne ya sauya.
Shafi na tara ka fara ƙirga daga sifiri
ba ko sallama,
alhali yarinyar da ke ƙirga mangwaro a lambun bakin Gash
daga ɗaya ta tashi ta ga ana farawa.
Kuma duk misalanka lafiyarsu lau.
Ina gurgun? Ina wanda ya faɗi?
Nuna musu jan saƙon kuskure tun ranar farko,
su saba da fuskarsa
kamar ta maƙwabci mai faɗa amma mai gaskiya."

Ban ce na gode ba. Cewa na yi zan duba.
Na naɗe shi na cusa a aljihun jallabiya,
na tafi gida ina kare kaina
a gaban alƙalin da babu shi:
ni da na yi karatu a Hartum,
ni da na, ni da na.

Da daddare na kira Sabi'u, ɗan ƙanwata,
shekara sha uku, hannunsa duk baƙin man raksha.
Na ba shi kwafin da biro bai taɓa ba,
na zauna a kan hannayena don kada su taimaka.
Ya karanta shafin farko, ya gyaɗa kai.
Ya shiga na biyu. Ya dubi allo, ya dubi takarda,
har shayina ya yi sanyi.
Sannan, ƙasa-ƙasa, kamar mai neman gafara:
"Kawu, a ina ake rubutawar?"

Ban faɗa ba. Shafi ashirin da biyu, ban faɗa ba.
Na zaro mai jinin, na bi shi layi-layi.
Ita ma ba ta gani ba.
Mun daɗe a cikin ɗakin nan
har mun manta yana da ƙofa.

Da safe na kai mata tambayar Sabi'u.
Ta yi dariya har ta dafa bango,
sai ta buɗe jaka ta miƙo nata darasin,
ta ɗora jan biron a kai.

A layi na biyu na ci karo da kawai.
Na zagaye ta a hankali, da ƙaramin zobe,
don na san inda take ciwo.